Daga kan keken ɗinki zuwa sashen gashi: yadda aka yi mini tausar ciwon baya a asibiti

Ni tela ne, shekarata ashirin da biyu a kan keke a cikin birnin Kano, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san yadda watan azumi yake a wurinmu. Azumin 2024 ya faɗo a tsakiyar zafi, ga ɗinki na karɓa fiye da ƙarfina. Da an idar da tarawihi nake komawa shago, ba na tashi daga kan kujera sai an kusa sahur. A cikin goman ƙarshe, wata rana da asuba, na sunkuya zan ɗauko bandir ɗin shadda daga ƙasa, sai na ji kamar an tsira mini allura mai zafi a ƙugu, ta hannun dama. Sai da na dafa teburin yanka kafin na iya miƙewa. Ranar a zaune na yi sallar asuba, domin ruku'u ya gagare ni. Abin da ya biyo baya ne ya sa nake wannan rubutu, saboda na ɓata kusan wata guda da kuɗi masu yawa kafin na gane ƙofar da ya kamata in fara ƙwanƙwasawa.

Na fara da abin da kowa yake farawa da shi. Na aiki yaron shago kemis ya sayo mini diklofenak, ina shan ɗaya da sahur, ɗaya da buɗa baki. Da daddare a shafa mini man zafi. Na kwanta rubda ciki na sa yarana biyu suka hau bayana suna tattakawa, kamar yadda muka yi wa iyayenmu muna yara. Na kira wanzami ya yi mini ƙaho. Kowanne sai ya ba ni sauƙi na ɗan lokaci, in koma kan keke, ciwon ya dawo. A haka na lallaɓa na gama ɗinkin mutane, aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, amma a lokacin ciwo ya zama biyu, ga baya ga ƙirji yana mini zafi kamar an zuba barkono. Wani abokin sana'a ya ce ai ƙashi ne ya goce, in je in yi hoto. Na je wani wurin ɗaukar hoto mai zaman kansa na biya naira dubu takwas, aka miƙo mini hoton ƙashin bayana a cikin babban ambulan, ni ban san karanta shi ba, wanda ya ɗauka kuma bai ce mini komai ba.

Maƙwabcina da mahaifinsa ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki shi ne ya ce mini a babban asibitin gwamnati akwai sashen gashi, wanda wasu ke kira fisiyo, kuma a nan ake yin tausa ta ilimi. Ranar wata Litinin na shiga adaidaita sahu da ambulan ɗina, na tambayi masu gadi suka nuna mini sashen, na zauna a kan benci kusan awa biyu ina jiran a kira ni. Da na ga ana ta kiran waɗanda suka zo bayana, na matsa wurin matar da ke kan tebur. Ta ce, "Malam, ina katinka?" Na ce ba ni da kati, tausa kawai na zo a yi mini. Ta yi mini bayani a tsanake cewa a asibitin nan ba a taɓa jikin mutum sai yana da fayil, kuma likita ya duba shi ya rubuto takardar turawa. Lokacin sha ɗaya ta wuce, an rufe ba da lambar ganin likita. Na koma gida raina a ɓace, ina ganin wahalar da mutane kawai ake yi. Sai daga baya na gane cewa wannan ƙa'idar ita ce mafi amfani a cikin duk abin da na bi.

Washegari ƙarfe shida da rabi na safe ina bakin ofishin kati, kuma duk da haka na tarar da mutum sama da talatin a gabana. Tsarin shi ne, a rubuta maka 'yar takarda a tagar kati, ka kai ta wurin biyan kuɗi, ka dawo da rasit, sannan a buɗe maka fayil. Kati da kuɗin ganin likita sun ci mini naira dubu biyu a lokacin. Na'urar cirar kuɗi ta ƙi aiki saboda babu sabis, Allah ya taimake ni ina da tsaba a aljihu. Waɗanda ba su zo da tsaba ba sai da suka fita bakin titi suka nemo, suka dawo suka tarar layi ya wuce su. Daga nan nas ta auna mini jini da nauyi da zafin jiki, ta rubuta a fayil, ta ce in zauna. Zaman nan ya fi komai wuya, domin mai ciwon baya ba abin da ya ƙi kamar benci marar majingina. Ina zama in tashi, in jingina da bango, har sha biyu da kwata aka kira sunana.

Likitan matashi ne, bai ko buɗe ambulan ɗin ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ciwon yana sauka ƙafa har ya wuce gwiwa? Ƙafar tana sagewa ko tana rasa ƙarfi? Fitsari ko bayan gida ya taɓa kufce mini, ko ya ƙi fita? Ina jin wurin zamana ya mutu kamar ba a jikina yake ba? Ina zazzaɓi ko zufa da daddare? Na rame? Na taɓa faɗuwa ko haɗari? Na yi tari mai daɗewa? Duk na ce a'a. Ya ce dalilin tambayoyin shi ne akwai ciwon baya da ba na tsoka ba ne. Tarin fuka yana iya cin ƙashin baya, akwai karaya, akwai ciwon daji, akwai dannewar jijiyoyin da ke ƙasan laka wanda ke bukatar tiyata cikin gaggawa, kuma a duk waɗannan idan aka tsaya tausa an ɓata lokaci, wani ma an ƙara masa ciwo. Sai a sannan ya ɗaga hoton ya duba ta taga. Ya ce babu ƙashin da ya goce, ɗan zaizayewar da ake gani a gaɓoɓin ƙugu kuwa ana samun irinta a jikin mutane masu shekaruna da yawa waɗanda ba sa jin ciwon komai. Ya ce da ni na fara zuwa wurinsa, da bai sa ni yin hoton ba. Da na faɗa masa kwana nawa na yi ina shan diklofenak a kan cikin mai azumi, sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce maganin nan yana cin bangon ciki ya jawo olsa, yana kuma taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha, musamman ga wanda jikinsa ba ruwa. Ya hana ni shi, ya rubuta mini maganin ciki da farasitamol, sannan ya cike takardar turawa zuwa sashen gashi.

Na ɗauka ranar za a fara, ashe sai an ba ka rana. Matar nan ta jiya ta gane ni, ta duba babban littafinta ta ce sai bayan kwana takwas, ƙarfe tara na safe. Ta ce in zo da gajeren wando da tawul, in biya kuɗin zama tun kafin in shigo, naira dubu biyu da ɗari biyar kowane zuwa. Na tambaye ta wa zai taɓa ni, namiji ko mace, ta ce suna da duka biyun, kuma mutum yana da damar ya faɗi wanda yake so tun wurin ba da rana. Na ambaci wannan ne saboda na san mata da yawa da ke zaune da ciwo a gida don kunyar wannan tambayar, alhali a sashen na ga ɓangaren mata da labulensa, ma'aikata mata ne ke shiga da fita.

Zaman farko ya ɗauki fiye da awa guda, kuma rabinsa bincike ne. Likitan gashin ya sa na yi tafiya a gabansa, na sunkuya gaba, na karkata hagu da dama, yana kallon inda nake tsayawa. Ya kwantar da ni rigingine ya ɗaga ƙafata a miƙe, ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko ciwo na sauka. Ya tambaye ni tsayin kujerata, awa nawa nake yi ban tashi ba, da wace ƙafa nake taka keke, a ina nake yanka. Da na ce sau da yawa a ƙasa nake shimfiɗa yadi in yanka a sunkuye, ya gyaɗa kai ya rubuta. Sannan na kwanta rubda ciki, ya sa mini matashi a ƙarƙashin mara, ya bi gefen ƙashin bayana da yatsa yana dannawa har ya iso wani wuri a saman ƙugun dama, na ji zafin ya ratsa ni har na riƙe ƙarfen gado. Ya ce, "Malam, ga mai laifin nan. Tsokar nan ta ɗaure ta ƙi saki." Ya kunna wata fitila mai jan haske ya saita ta nesa kaɗan da bayana, minti goma sha biyar, ya ce ɗumi ake nema, da na ji ya koma ƙuna in yi magana nan take. Wannan shi ne gashin da sashen ya samo suna daga gare shi.

Tausar da ta biyo baya ba ta yi kama da abin da na sani ba. Ya zuba mai kaɗan a tafin hannunsa, ya fara da shafa mai tsawo daga ƙugu zuwa kafaɗa, a hankali, sau da yawa, ba danna ba murɗa. Bayan fatar ta ɗauki ɗumi ya shiga murza tsokar gefe da gefe kamar mai cuɗa ƙullu, sannan ya ɗora babban yatsa a kan ƙullin nan ya danna ya riƙe, yana cewa in ja numfashi in sake. Yana yi yana tambayata, idan ciwo mafi tsanani goma ne, yanzu nawa nake ji, kuma da na ce bakwai sai ya sassauta. Ko sau ɗaya bai danna kan ƙashin bayan kansa ba, a kan naman da ke gefensa kawai yake aiki. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Da na sauko na sunkuya, hannuna ya kai gwiwa ba tare da na cije leɓe ba, abin da rabona da shi tun kafin Sallah. Daren nan na yi barci tun daga isha'i har kiran assalatu, ban farka ina neman gefen da zan juya ba. Wanda bai taɓa yin wata guda yana barcin rabi da rabi ba ba zai san girman wannan ba.

Kwana biyu bayan haka ciwon ya dawo kusan yadda yake, kuma gaskiya zuciyata ta karaya. A zama na biyu na faɗa masa cewa da alama tausar ba ta kama ni ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya tambaye ni, idan na buge ƙaurina da ƙafar keke me nake fara yi. Na ce murza wurin. Ya ce to haka abin yake, saƙon taɓawa da saƙon ciwo duk ta laka suke bi zuwa ƙwaƙwalwa, idan na taɓawa ya yi yawa sai ya rage ƙarfin na ciwo. Ban da haka tausa tana ɗumama wurin, jini ya ƙara zagayawa, tsokar da ta ɗaure ta saki, hankalin mutum ya kwanta ya samu barci. Duk wannan amfani ne na gaske, amma na ɗan lokaci ne. Ba ta mayar da ƙashi, ba ta fitar da mataccen jini, ba ta kuma sauya kujerar da zan koma in zauna a kai awa goma. Ya ce amfaninta mafi girma shi ne tana ba ni kwana ɗaya ko biyu da zan iya motsa jiki ba tare da tsoro ba, kuma motsa jikin ne zai riƙe sauƙin. A bakinsa na fara jin cewa a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwon ƙugu mai daɗewa, ta sa tausa a cikin abubuwan da za a iya yi wa mutum tare da motsa jiki da wayar masa da kai, ta kuma ce a guji ɗaura bel ɗin baya da magunguna masu ƙarfi dangin tiramol. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a duniya a 2020, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki. Bel ɗin da na riga na yi cinikinsa a kasuwa ban koma na saya ba.

Tun daga ranar, kowane zama kashi uku ne: gashi, tausa, sai tabarmar motsa jiki. Ya koya mini in kwanta rigingine in jawo gwiwoyina zuwa ƙirji, in kafa ƙafafu in ɗaga ƙugu sama in riƙe, in durƙusa da hannu da gwiwa in gantsare in kuma ƙudundune a hankali. Ya ce safe da yamma, kowanne sau goma, da tafiyar ƙafa ta minti ashirin. Sau biyu nake zuwa a mako. Wata rana aka ɗauke wuta fitila ba ta kama ba, sai ya yi gashin da tawul da ruwan ɗumi, kuma ban ji wani bambanci ba. Wata rana na makara da minti arba'in saboda layin biyan kuɗi, aka ba wani gadona, na jira har azahar. Daga nan na koyi biyan kuɗin zama na gaba tun ranar da na fito, in ajiye rasit a cikin kati.

Akwai abin da na gani a zama na huɗu wanda har yau yana raina. Wani dattijo ya zo tare da ɗansa, sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura tana sheƙi, ya ce kwana uku ke nan bayan doguwar tafiya a mota, a gida an yi ta matsa masa ba sauƙi, shi ya sa suka zo a yi masa ta asibiti. Likitan gashin ya duba ƙafar, ya taɓa ta da bayan hannu, ya ce, "Baba, ba zan taɓa ƙafar nan ba, kuma don Allah kada kowa ya sake matsa ta." Ya sa aka kawo keken guragu aka wuce da shi sashen gaggawa. Da ya dawo kaina na tambaye shi dalili. Ya ce ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, tana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kuma idan aka murza gudan jinin zai iya ɓallewa ya tafi huhu ya kashe mutum cikin ɗan lokaci. Ya ƙara da cewa ba a tausa a kan karaya, ko ƙuna, ko buɗaɗɗen rauni, ko fatar da ta kamu da cuta, ko lokacin da mutum ke zazzaɓi, kuma mai shan maganin tsinka jini da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni da mai juna biyu sai an yi shawara da likita. Na tuna yadda na sa yara suka tattaka bayana ba tare da na san abin da ke ciki ba, jikina ya yi sanyi. Mu mutane ne da suka san tausa tun asali, jariri ana yi masa bayan wanka, mai jego ana yi mata, jikoki suna matsa wa kakanni ƙafa da daddare, kuma ba na ganin laifin ko ɗaya. Abin da ba mu gada ba shi ne sanin lokacin da ya kamata a janye hannu.

A zama na biyar ya ce in zo da wanda zai riƙa yi mini a gida, sai na zo da mai ɗakina. Ya nuna mata a jikina, ya ce, "Hajiya, tafin hannu za ki sa, daga ƙasa zuwa sama, ki bar tsakiyar nan inda ƙashi yake." Ta ce, "Likita, wane mai zan sa?" Ya ce man zaitun ko na kwakwa ko man kaɗanya duk ɗaya ne, aikinsa kawai ya hana hannu cije fata, maganin yana cikin hannun ne. Minti goma ya isa, kuma in na ce da zafi ta sassauta. Tun daga lokacin take yi mini bayan isha'i, sau uku ko huɗu a mako, kuma a cikin minti goman nan muna yin hirar da da can ba ma samun lokacinta.

Zama takwas na yi aka sallame ni a farkon watan Yuni. Idan na haɗa kati da magani da kuɗin zama da na mota, abin ya tasam ma naira dubu arba'in, ban da dubu takwas na hoton da ba a bukata da kuɗin kemis da na wanzami. Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da likita ko da yana ganin tausa kawai yake bukata, kada ya yi hoto sai an ce ya yi, ya isa ofishin kati kafin bakwai da tsabar kuɗi a hannu, ya faɗi duk maganin da yake sha ba ɓoye-ɓoye. Kada ya yanke ƙauna idan ciwo ya dawo bayan zaman farko, ni sai a na huɗu na fara ganin sauƙin yana kwana uku, huɗu, har ya zarce. Idan kuma wani ya ce zai zo gida ya yi masa fisiyo, ya tambaye shi lasisinsa, domin aikin nan karatu ne na jami'a, Jami'ar Bayero ma tana koyar da shi, kuma akwai hukumar tarayya da ke yi wa masu yinsa rajista. Na sha ganin masu yawo da 'yar na'ura mai jijjiga suna karɓar kuɗin mutane ba tare da sun yi musu ko tambaya ɗaya daga cikin waɗanda likita ya yi mini ba.

Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni, ita ce ta gwada ni. Kafin ta zo na sa kafinta ya ƙara wa teburin yanka tsayi har ya kai ƙuguna, na daina yanka a ƙasa, na sauya kujerata da mai majingina na sa ɗan matashi a bayana. Na saita ƙararrawa a waya, duk minti arba'in in tashi in taka zuwa bakin shago in dawo, yaran shago ma yanzu tare muke tashi. Na rage ɗinkin da nake karɓa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wasu masu kawo mini aiki sun ji haushi, biyu sun koma wani wuri. Har yanzu idan na yi dogon zama ƙugun yana yi mini nauyi, sai in kwanta in jawo gwiwa zuwa ƙirji, da daddare a murza mini, da safe in tashi lafiya. Sallar idin nan a tsaye na yi ta, da ruku'unta da sujadarta, kuma daga filin idi da ƙafa na tako har gida.